Gaban goshina ya fara ja da baya, saura kaɗan na tafi Turkiyya dashen gashi

Mai askina ne ya fara gaya min. Yau wajen shekara 4 kenan, ranar wata Alhamis da yamma ina zaune a kujerarsa ya gama rage sumar ya ɗauko reza zai yi min gyaran fuska, sai naga ya tsaya yana ta juya kaina dama da hagu, can yace "mutumina wannan kwanar ta hagu fa ta shige ciki, in na yanka layin daidai da ita goshinka zai yi faɗi, in bar maka ita haka?" Nace ya bari. Ban ƙara cewa komai ba har na biya shi na fito, amma wallahi daren nan na fi minti 20 a gaban madubi da fitilar waya a hannu. Lokacin shekarata 23.

Wanda abin bai taɓa ba gani yake wasa ne. Ka faɗa wa abokai su ce haba ai sanƙo alamar arziki ne, ka faɗa a gida a ce to meye, babanka ma ba haka yake ba? Kuma gaskiya mu Allah ya rufa mana asiri da hula, mutum zai iya shekara ana ganinsa kullum ba a san me ke ƙarƙashin zanna bukar ɗinsa ba. Amma kai ka sani. A filin ƙwallo ka sani, wajen alwala in ka cire hular zaka yi shafar kai ka sani, in aka ɗauki hoto daga sama ka sani, sannan ga tunanin ranar da wadda kake nema zata fara ganinka ba hula. Hausawa suka ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni kam sai da nawa goshin ya fara buɗewa na ji karin maganar nan a jikina.

Ba abin da ban shafa ba. Man habbatussauda, ruwan albasa, man darbejiya, man kaɗanya, da wani mai a ƴar kwalba da na saya a Facebook wanda aka ce sati 3 gashi zai fito. Na daina sa hula kusan wata 2 saboda wani yace ita ke cinye gashi, wanda daga baya na gane ba gaskiya bane sam. Daga ƙarshe dai na koma sa mai askin yana cike min kwanar da dayis duk sati.

Bara ne maganar dashe ta shiga kaina sosai. Ka san yadda waya take, kana kallon bidiyo ɗaya shikenan an buɗe maka ƙofa, duk inda na leƙa a Instagram da TikTok mutane ne a Istanbul da bandeji a ƙeya, sai a nuno su bayan shekara da suma har goshi. Na tuna ma ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya yi nasa a 2011 yana ɗan shekara 25, shi da kansa ya sanar a Twitter. Nace to ni me nake jira. Na tura wa wata cibiya saƙo ta WhatsApp, suka ce in turo hoton kaina ta gaba da baya da gefe da sama, ko awa 1 ba a yi ba amsa ta dawo: za a dasa min saiwar gashi 3,500, dala 2,800, har da otal da motar da zata ɗauko ni daga filin jirgi. Na fara lissafin kuɗin da nake tarawa na lefe da abin da mashin ɗina zai yi in na sayar. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne ba wanda ya tambaye ni shekaruna, ko yaushe abin ya fara, ko yadda kan mahaifina yake, ko ina shan wani magani.

Yayata ce ta tare ni, ita ma'aikaciyar jinya ce. Tace "kai yanzu saboda Allah sai ka kai kanka a huda maka shi sau dubu 3 ba ka bari ko likitan fata ɗaya ya duba ka ba?" Ita ta karɓar min kati.

Likitan dattijo ne, shi ma kansa da sanƙo. Ya sa na cire hula, ya ɗauko wani ɗan gilashi mai fitila ya dinga bin kaina da shi a hankali, gaba, tsakiya, ƙeya. Sannan ya juya min allon kwamfutarsa yace in duba. A ƙeya duk gashin kaurinsu ɗaya. A gaba kuwa ga masu kauri ga wasu sirara kamar gashin jariri a tsakaninsu, kuma abin da ya tsorata ni, a tsakiyar kai inda nake ganin lafiya lau ne, nan ma siraran sun fara. Yace "malam ka ga waɗannan? Su ne na shekara 5 masu zuwa."

Bayanin da ya yi min, da wanda na ƙara karantawa daga baya, shi ne nake so duk saurayin da ke irin halin da na shiga ya ji kafin ya tura wa kowa ko sisi. Sanƙon maza gado ne, kuma ta ɓangaren uwa da na uba duka yake zuwa. Akwai wani sinadari a jikin namiji da ake ce wa DHT, daga sinadarin mazantaka yake samuwa, to wanda ya gaji abin saiwar gashinsa ta gaba da ta tsakiyar kai ba ta jure wannan sinadarin, duk zagayen fitowa sai gashin ya ƙara sirancewa ya gajarce har wata rana ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunne shi DHT bai cika damunsa ba, shi yasa zaka ga tsoho kai tal amma ƙeyarsa cike. Wani likita a birnin New York, Norman Orentreich, shi ya nuna tun a shekarun 1950 cewa in aka ciro gashin ƙeya aka dasa a gaba yana tafiya da halinsa na ƙeya. Duk sana'ar dashen gashi a kan wannan ta tsaya.

To amma ka lura da kyau. Dashe gashinka ne dai ake ɗauka daga baya a maido gaba, ko ɗaya ba a ƙara maka ba. Wanda ya taɓa dashen albasa ko tumatir zai gane, sai dai shi wannan wurin renon in ka tuge ba ya sake fitowa. Kowace saiwa gashi 1 zuwa 4 take ɗauke da shi, kuma abin da za a iya cira a ƙeyar yawancin mutane duk tsawon rayuwa ba tare da ta yi fili ba bai wuce kamar saiwa 4,000 zuwa 8,000 ba. Ni kuma an ce a zuba min 3,500 a kwanoni biyu na goshi ina ɗan shekara 26. Sannan dashen ba ya tsayar da zubar. Wanda aka dasa zai zauna, na asalin da ke bayansa zai ci gaba da tafiyarsa, bayan wasu shekaru sai ka wayi gari da layin gashi a gaba kamar tsibiri, bayansa fili, ka koma neman gyara a ce maka jarin ya kusa ƙarewa. Likitan ya ɗauki biro ya zana min wannan a bayan katina, har yau katin yana cikin jakata.

Akwai ma'aunin da likitoci suke amfani da shi wajen auna sanƙo, na Norwood, mataki 7 ne, tun 1975 ake aiki da shi. Yace ina mataki na 3. Ya tambaye ni kan Baba, nace ba komai sai gefe da ƙeya, ya tambayi kawunnaina nace 2 cikin 3 haka suke. Yace to shi ba zai iya rantsewa ba amma ba mamaki can na nufa, kuma duk likitan da ya san abin da yake yi zai tsara layin goshin ne da tunanin yadda zan kasance a shekara 45, ba zai maida min goshin ɗan sakandare ba. Ya ƙara da wani abu da ya kamata samari su sani: ba kowane ja da baya ne sanƙo ba. Yawancin maza daga wajen shekara 17 zuwa 30 layin goshinsu yana ɗan hawa sama kamar santimita 1 ko 1 da rabi ya tsaya nan, girma ne kawai. Wani kuma mai askinsa ne ke cinye masa goshi da reza duk sati wajen neman layi mai kyau. Wani makero ne, wani ƙarancin jini ne, wani ciwon da gashi ke zubewa wuri guda zagaye kamar kwabo, duk waɗannan maganinsu daban, dashe ba ruwansa da su.

Sai maganar irin gashinmu, wadda ban taɓa jin wani mai talla ya ambata ba. Gashin baƙar fata ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, har a cikin fata saiwar a lanƙwashe take. Hanyar da aka fi yi yanzu, FUE, da ɗan ƙarfe mai rami ake huda fata a zaro saiwa ɗaya bayan ɗaya, in mai aikin ya saba da miƙaƙƙen gashi ne kawai sai ya dinga yanke saiwoyin a ciki, kuma duk wadda ta yanke asara ce daga jarin nan. Ɗaya hanyar, FUT, yanko fatar ƙeya ake yi a ɗinke, tana barin dogon tabo, mu kuma aski ƙasa ƙasa ake mana, tabon zai fito fili. Ga fatarmu da saurin yin tabo mai tudu. Duk wanda ya san in ya ji ciwo wurin yana tasowa ya yi tauri, ko yake fama da ƙurajen ƙeya irin na bayan aski, to lallai ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi. Abin da ke taimakonmu kuma shi ne murɗewar tana sa gashi kaɗan ya rufe wuri mai yawa.

Ta fuskar addini na bincika tun farko, malamai da dama sun halatta, cikinsu har da Shehu Ibn Usaimin, suna ganin maido da abin da ya tafi ne, ya bambanta da ƙarin gashin wani. Abin da mutum zai shirya masa shi ne kwanakin farko, ba goge kai, ba matsa masa hula, sujada ma sai da lura, kuma gashin da aka dasa yana zubewa a makonnin farko kafin ya fara fitowa wajen wata na 3 ko na 4, cikakken sakamako sai an shekara ko fiye.

Abin da likitan ya ɗora ni a kai magani ne. Guda 2 ne aka daɗe da tabbatar da su. Minoxidil na shafawa, asalinsa maganin hawan jini ne aka ga masu shansa gashi na fito musu, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sanƙo a 1988. Sai finasteride na sha, miligiram 1, shi kuma a 1997, aikinsa rage DHT ɗin. Ba zan ɓoye ba na biyun nan sai da na yi sati 2 ina juya shi a raina, domin kaɗan daga cikin masu shansa, a gwajin farko wajen 2 cikin 100, suna samun raguwar sha'awa ko rauni wajen iyali, yawanci yana wucewa in an daina amma akwai masu cewa nasu ya daɗe, kuma mace mai ciki ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ga mai shirin aure wannan ba ƙaramar magana bace. Na koma na zauna da likitan muka yi ta baki da baki kafin na yanke shawara, kuma ina roƙon kowa ya yi haka, kar ka je kemis ka saya don ka karanta a wurina. In zaka saya kuma ka duba lambar NAFDAC, jabu sun yi yawa. Duka biyun sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga wani abu, kuma ranar da ka daina abin da suka riƙe maka zai tafi a hankali.

Yanzu wata na 11 kenan. Kwanonin nan biyu suna nan, ba su cike ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Amma ba su ƙara shigewa ba, tsakiyar kan kuma ya yi duhu har mai askina ya lura, kuma na hana shi yanka min layi da reza, na daina dayis ɗin ma. Ban cire dashe daga raina ba. Mun yi da likitan cewa in na kai shekara 30 zubar ta tsaya wuri ɗaya za mu sake zama, kuma in zan yi, sai na ga hotunan baƙaƙen fata irina da mutumin ya yi wa aiki bayan shekara guda, ƙeyarsu nake so in gani ba goshi kaɗai ba, sai na san waye zai riƙe ƙarfen da hannunsa, likitan ne ko yaransa, sai kuma ya gaya min saiwa nawa zata rage min a baya.

Kuɗin lefen suna nan, mashin ɗin ma yana nan. Duk farkon wata ƙanena yana ɗaukar min hoto 4 a tsakar gida bayan la'asar, wuri ɗaya haske ɗaya, gaba da sama da gefe biyu, su zan kai wa likitan wata mai zuwa.