Bizar da Ba Na Sayarwa

Ofishina ɗaki biyu ne a saman wani bene a Fagge, ba nisa da 'yan canjin Wapa. Mu huɗu ne: ni, da samari biyu masu zama kan kwamfuta, da ƙanena da ke zirga-zirgar Abuja idan akwai fasfo da za a kai ofishin jakadanci. Tikitin jirgi da Umara su ke riƙe da mu, musamman daga Rajab zuwa ƙarshen azumi. Amma aikin da ya fi cin bakina, kuma da wuya ya kawo ko sisi, shi ne na masu hawowa su ce a nema musu bizar yawon buɗe ido zuwa ƙasashen da muke maƙwabtaka da su.

Bara wani dattijo ya hawo, tsohon malamin firamare da aka biya haƙƙinsa na ritaya. Sai da ya huta daga hawan matakala, sannan ya zaro ambulan daga aljihun gaba ya ajiye a kan teburina. Ya ce kakansa daga Damagaram ya zo, shi kuwa bai taɓa taka garin ba, yana so ya ga fadar Sarki da unguwar Birni kafin ƙafa ta gaza. Wani ya ce masa ya kawo kuɗi a yi masa biza cikin mako guda, shi ne ya ce bari ya ji farashinmu tukuna.

Na ce, "Baba, mayar da ambulan ɗinka aljihu. Ɗan Najeriya ba ya neman biza don shiga Nijar."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, to shi wancan me zai sayar mini?"

Wannan tambayar ita ce ciwon sana'armu. Abin da zai sayar masa takarda ce da aka buga a shagon kwafi, ko kuma ya karɓi kuɗin ya ce an gama. Dattijo ya je iyaka a bar shi ya wuce, tunda dama can ba a neman komai irin wannan, ya dawo yana sa wa ɓarawo albarka. Irin wannan damfara ba ta tonuwa, shi ya sa ta daɗe.

Yadda abin yake shi ne, tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza. Da ita muke zuwa Benin da Togo da Ghana. Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar, amma su ma mai fasfon Najeriya yana shiga ziyara ba biza. Sai dai rashin biza ba ya nufin ka kama hanya hannu rabbana. Ana son fasfo mai sauran rai, ni kuwa ba na barin kowa ya tashi da wanda sauran ransa bai kai wata shida ba. Ana son katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Mai tafiya da motarsa yana buƙatar inshorar ƙetare iyaka da takardar shigar da mota. Abin da na fi nanata wa mutane kuma shi ne hatimi: ka tsaya a buga maka na fita da na shiga, ko da direba yana matsa ham yana cewa a bar shi kawai. Daga ranar hatimin nan ake ƙirga kwana 90, kuma shi jami'i zai nema a shingen cikin ƙasa.

Nijar kam sai an yi mata magana ta daban yanzu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Watannin nan ko mutum ɗaya ban tura Maraɗi ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa, amma daga lokacin direbobin layin Jibiya da Illela suka fara kawo mini labarin ana juyo da masu ɗan littafin tafiya na ECOWAS. Shi ya sa na ce wa Baba ya yi cikakken fasfo. Ba araha ba ne, don tun Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira dubu 100, amma gara wannan da a sauke dattijo a iyakar Kongolam rana tsaka. Duk wanda zai tafi, sai na kira direba biyu ko uku da suka ƙetare cikin makon na ji yadda ake ciki, domin abin da ke rubuce da abin da ake yi a bakin sanda ba kullum suke tafiya tare ba.

Bizar gaske kuwa takan zo ne ta inda mai ita bai zata ba. Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya aurar da autarsa, ya ce zai kai uwargida Kamaru su huta, su sauka Duwala su wuce Kiribi bakin teku. Na ce babu damuwa, na karɓi fasfo biyu. Nasa kore ne. Nata da na buɗe, na Sudan ne, don 'yar Omdurman ce, shekara talatin tana Kano ba ta canza ba.

Na ce, "Alhaji, kai ka wuce, amma Hajiya sai da biza."

Ya ce, "Haba Malam, matata ce fa, 'ya'yanmu bakwai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, fasfo suke dubawa, ba sa tambayar sadaki."

Tun ƙarshen Afrilu 2023 Kamaru ta mayar da neman biza ta intanet. Za ka buɗe asusu a shafinsu, ka cike fom, ka ɗora hoton fasfo da tikitin zuwa da dawowa da shaidar masauki da katin rigakafi, ka biya, su turo maka izini mai lambar da ake haskawa da waya. Sannan mai fasfon ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa a manna masa bizar. Ga wanda ke zaune a Najeriya, suna da ofis a Abuja da Legas da Kalaba. Tunda Hajiya baƙuwa ce a takarda, sai da muka haɗa da katinta na izinin zama. A nan yaran ofis suke shan wahala: suna ɗaya, amma fasfo ya rubuta shi da baƙaƙe daban, katin zama daban, wanda ya kama otal ta waya shi ma ya rubuta yadda ya ji. Dokar ofishina ita ce fasfo ne liman, kowace takarda shi za ta bi harafi da harafi. Sai da muka sa otal suka sake turo shaida sau biyu.

Kuskuren da aka yi a aikin nan nawa ne. Na yanki tikiti kafin na tambayi katin rigakafi, ashe Hajiya ba ta da shi. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na har abada ne, amma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Jirginsu saura kwana shida. Na kira Alhaji na faɗa masa gaskiya. Wani a kasuwa ya ce masa akwai inda ake buga katin da tsohuwar rana ba tare da allura ba. Na ce ban da ni, domin cutar tana kisa, kuma Hajiya dajin kudancin Kamaru za ta shiga. Muka ɗaga tafiyar mako biyu, tarar canza tikitin na biya daga aljihuna, ta cinye fiye da rabin ladan aikin.

Sun yi kwana tara. Hajiya ta turo wa matata hotonta a cikin kwalekwale a gindin ruwan Lobe, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Baba malam kuma bayan Sallah ya biyo ta ofis da fasfonsa, ya buɗe mini shafin da aka buga hatimi huɗu, ya ce ya samu gidan kakan nasa a bayan fada, har wata tsohuwa a ciki ta ja masa sunayen iyayensa ba tare da ya faɗa ba.