Hasken taurari da shekarun da yake yi a hanya

Duk wanda ya taɓa hango mace tana daka daga nesa ya san cewa ido yana riga kunne, domin taɓarya takan sauka a turmi, sai bayan ɗan lokaci ƙararta ta iso. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, haske ma tafiya yake yi, sai dai gudunsa ya kai kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka a nan doron ƙasa jinkirinsa ba ya bayyana. Ole Romer, masanin taurari ɗan ƙasar Denmak, shi ne ya fara kawo hujjar hakan a shekarar 1676, bayan ya lura cewa husufin Io, ɗaya daga cikin watannin da ke kewaya Mushtari (wato Jupiter, babbar duniyar da ita ma take kewaya rana), yakan makara a duk lokacin da duniyarmu ta yi nisa da Mushtari.

Hasken wata yana iso mana cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, na rana kuwa cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Daga nan lissafin yake fin ƙarfin kilomita, shi ya sa masana suke auna nisan taurari da tafiyar da haske ke yi a shekara guda, wato kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana yana da nisan tafiyar haske ta shekara 4 da 'yan watanni. Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kowa ya sani a sararin ƙasar Hausa, suna da nisan kusan shekara 440, ma'ana hasken da ke shiga idonmu a daren yau ya baro su tun fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Ana yawan cewa taurarin da muke gani sun daɗe da mutuwa, amma wannan magana akwai ƙari a cikinta, domin tauraro yana rayuwa miliyoyi ko biliyoyin shekaru, kuma 'yan ɗaruruwan shekarun da hasken waɗanda ido ke gani ya yi a hanya ba su taka kara sun karya ba.

Inda al'amarin ya fi jan hankalina shi ne wani ɗan dishi-dishin haske da ake iya gani a dare mai duhu, nesa da fitilun gari. Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari Bafarishe, ya siffanta shi a shekarar 964 da cewa ɗan ƙaramin gajimare ne. Sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar a Amurka cewa wannan gajimare, da ake kira Andiromeda, gungun taurari ne mai zaman kansa, wanda yake can waje da namu gungun da rana take cikinsa, kuma a yau an san haskensa yana shafe kusan shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Mutum na iya tsayawa a bayan gari, ba tare da wata na'ura ba, ya kalli abu a kamannin da yake tun kafin a gina birni ko ɗaya a duniya.

Daga nan ne tambayar asalin halitta, wato yadda sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa suka faro, ta samu hanyar bincike. A 1927 Georges Lemaitre, limamin coci kuma masanin lissafi ɗan Beljiyam, ya nuna cewa sararin samaniya buɗewa yake yi, sannan a 1929 Hubble ya fitar da awon da ya nuna cewa gwargwadon nisan gungun taurari, gwargwadon saurin da yake ƙara nesanta da mu. Ana gane hakan ne daga launin hasken, wanda yake karkata zuwa ja saboda miƙewar da ya yi a kan hanya. Idan komai yana nesanta da juna, to a da can komai ya kasance a cunkushe cikin matsanancin zafi, kuma awon zamani ya kai farkon wannan buɗewa zuwa kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Sunan da ya bi wannan fahimta, wato Babbar Fashewa, ina ganin yana ɓatar da mai karatu, domin ba wani abu ne ya fashe a cikin fili ba, filin ne da kansa yake miƙewa a ko'ina.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne a 1965, lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana wani sauti maras yankewa da eriyarsu ke kamawa daga kowace kusurwa ta sama a jihar New Jersey. Sun share har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyar, amma sautin bai gushe ba. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya samu hanyar wucewa lokacin da halitta take da shekara kusan 380,000, bayan zafi ya ragu har hazon farko ya washe. Kafin wannan lokaci haske ba ya iya ratsawa, saboda haka duk girman madubin da za a ƙera, nan ne iyakar abin da za a hanga da haske.

Tsakanin wannan iyaka da bayyanar taurarin farko akwai dogon zamani na duhu, kuma ƙarshensa ne na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, take bincika da madubinta mai faɗin mita 6.5. Ta riga ta hango gungun taurari kamar yadda suke lokacin da halitta ba ta cika shekara miliyan 300 ba, kuma wasunsu sun fi haske nesa da yadda aka yi hasashe, abin da ya sa masana suka koma suna sake nazarin yadda taurarin farko suka taru da irin wannan sauri.