A ina jaridar fasaha take samun na tuwo?

Makon da na fara aiki a wata ƙaramar jaridar intanet mai kawo labaran fasaha, editanmu ya ba ni aikin da na ɗauka ɓata lokaci ne. Ya ce, "Malam, kafin ka rubuta mini ko layi guda, je ka karanto tarihin TechCrunch, jaridar fasahar nan ta Amurka, ka dawo ka faɗa mini inda suke samun na tuwo." Na ce a raina, wannan ai ba sai an tona ba, talla mana.

Michael Arrington, wanda a da lauya ne, shi ya kafa ta a 2005 tare da Keith Teare, yana rubutu daga gidansa a Kalifoniya kan ƙananan kamfanonin da manyan jaridun Amurka ba su ko kallo. A 2006 ya riga kowa fitar da labarin cewa Google na cinikin YouTube, kuma ba a daɗe ba aka sanar da cinikin a kan dala biliyan 1.65. Daga nan duk mai sabon kamfani burinsa sunansa ya fito a shafin, don masu zuba jari can suke leƙawa.

Tallar tana nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Crunchbase, rumbun bayanan kamfanoni da suka buɗe a 2007, wanda ya girma har ya ware ya zama kamfani mai cin gashin kansa a 2015. Akwai kuma taron Disrupt da aka fara a 2010, inda ake sayar da tikiti da rumfuna, manyan kamfanoni su ɗauki nauyi, ƙanana su yi gasa. Har Legas sun kawo gasar tasu a 2018. A nan na daɗe ina juya abin, don na lura mutanen da jaridar ke rubutu a kansu su ne masu sayen tikitin, su ne masu rumfar, su ne masu tallar. Ɗan jaridar da ke bin labarin kotu ba alƙali ke biyan sa ba. Na fasaha kuwa, shi da wanda yake bincika a kwano ɗaya suke ci.

Abin ya fito fili a 2011. Shekara guda bayan kamfanin intanet na AOL ya sayi jaridar, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 25, Arrington ya kafa CrunchFund, asusun zuba jari a irin kamfanonin da shafinsa ke ba da labarinsu. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, ƙarshe ya bar jaridar da ya kafa da hannunsa. Bayan haka sai sauyin iyayen gida: kamfanin sadarwa na Verizon ya sayi AOL a 2015, kamfanin zuba jari na Apollo ya karɓa a 2021, wani kamfanin zuba jarin mai suna Regent ya sayi TechCrunch a 2025. Sun ma gwada sa masu karatu su riƙa biya tun 2019, suka rufe tsarin a 2024.

Na kai wa edita duk wannan ina jin kaina. Ya gyaɗa kai kawai.

Wata shida bayan nan na gane dalilin aikin. Na yi kwana goma ina gwada wata manhajar ba da rance, na ci bashin da kaina don in ga yadda take. Kwana ɗaya na makara da gangan, sai ga saƙo ya isa wayar yayata yana cewa ƙaninta ya gudu da kuɗin mutane. Ta kira ni murya na rawa: "Kai, me ka jawo mana?" Na rubuta labarin tsaf, da hotunan saƙonnin. Ashe kamfanin ne zai ɗauki nauyin ɗan taron da muke shiryawa, kuma da kuɗin ake sa ran biyan albashin wata biyu.

Ba wanda ya ce kada in buga. An dai ce in ɗan dakata sai bayan taro. Mai kula da talla, mutumin kirki ne wallahi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Na ji haushinsa, amma ni ma albashin nake jira, kuma ban yi gardamar da nake zaton zan yi ba. Wannan ne ya fi damuna har yau.

Editan ne ya raba gardama. Ya kira kamfanin a gabanmu, ya ce labari zai fita ranar Litinin, in suna da martani su aiko kafin Lahadi. Ba su aiko ba, suka janye kuɗinsu. Taron muka yi shi a wani ɗakin karatu da aka ba mu aro, da ruwan leda da kujerun haya, albashi kuma ya yi makarar mako uku. Tun daga lokacin, kafin in buɗe kwamfuta in fara kowane labari, sai na leƙa wurin mai talla na tambaye shi ko akwai wata hulɗar kuɗi tsakaninmu da kamfanin. In akwai, a sakin layi na biyu nake sanar da mai karatu.