Fararen ɗigon da suka cinye min kifi biyu

Wata ranar Alhamis ce bayan na dawo daga sallar asuba, na kunna fitilar tankin kifina kamar kullum, sai idona ya sauka kan bulu tang ɗin, wani shuɗin kifin teku da na sayo ko sati bai cika ba. A jikinsa da jelarsa wasu fararen ɗigo ne kamar an barbaɗa masa gishiri, na tsuguna na ƙirga, guda tara, ga shi yana ta goga jiki da dutse kamar mai ƙaiƙayi. Tankin lita 300 ne na ruwan gishiri, akwai murjani kaɗan da jatan lande biyu da dodon koɗi, wajen shekara biyu ina lallaɓa shi ba abinda ya taɓa samunsa, shi yasa ma na saki jiki na jefa sabon kifin kai tsaye ranar da ya iso, tunda mai sayarwar ya rantse min lafiyarsa ƙalau.

Na kira wani abokina mai kiwon tarwada, ko gama bayani ban yi ba yace mutumina ai gishiri zaka zuba, shi muke sa wa namu. Nace Alhaji kifin da a cikin gishirin aka haife shi fa? Muka yi ta dariya. Amma ba ƙarya ya yi ba, a ruwan daɗi akwai irin wannan ciwon, ƙwayarsa Ichthyophthirius multifiliis, kuma gishiri da ɗumama ruwa suna yi mata illa. Tamu ta teku wata halitta ce daban duk da a ido kamar an tsaga kara, sunanta Cryptocaryon irritans, wata masaniya Eleanor Brown ce ta raɗa mata sunan a 1951. Masu harkar duka biyun ik suke ce musu, kuma wannan haɗa sunan shi yake sa mutane su ɗauko maganin wancan su zuba wa wannan.

To ni me na yi? Tafarnuwa. Na karanta a intanet wai a jiƙa abincinsu da ruwan tafarnuwa, na daka na matse na yi ta ba su, falo duk ya ɗau wari har uwargida ta fara magana. Kwana huɗu sai ɗigon nan suka ɓace tas, wallahi har hoto na ɗauka na tura wa Alhajin ina cika baki. Ba a rufa sati biyu ba suka dawo, wannan karon ba tang ɗin kaɗai ba, kifi huɗu cikin shida, kuma sun wuce ƙirge. Cikin kwana uku na tsamo gawa biyu.

Sai a lokacin na zauna na karanci yadda abin yake rayuwa, da tun farko na yi haka da ban yi asara ba. Ƙwayar tana kutsawa ƙarƙashin fatar kifin ne, da cikin kunnen nan da yake numfashi da shi, ta yi kwana uku zuwa bakwai tana ci tana ƙiba, farin ɗigon da kake gani kenan. In ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗo ƙasa, ta lafe a jikin yashi ko dutse ko gilashi, ta rufe kanta da wani ƙwanso mai tauri, a ciki ta yi ta rarrabuwa, guda ɗaya tak sai ta zama ɗari biyu ko fiye. Yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 28 ƙwanson yake fashewa, amma an taɓa samun wanda ya kai kwana 72. 'Ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, galibi cikin dare lokacin da kifin yake kwance kusa da dutse, in ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu su mutu. Wato ranar da nake murna ɗigo sun ɓace, sauka kawai suka yi suka je haihuwa a cikin yashina. Tafarnuwata ba ta san ma ana yi ba, iyakacinta wataƙila ta buɗe wa kifi ciki ya ci abinci.

Kuma abinda ya fi ɗaure min kai, magani ba ya taɓa wadda take ƙarƙashin fata, ba ya huda ƙwanson, waɗanda suke iyon nan kawai yake kashewa. Shi yasa ba maganar a zuba yau a warke gobe, dole maganin ya zauna cikin ruwan da ƙarfinsa har sai ƙwanso na ƙarshe ya fashe.

Kafin ka taɓa kowace kwalba dai ka tabbatar shi ɗin ne, don ba kowane farin abu ne ik ba. Ka kashe fitila da dare ka haska kifin da tocilan daga gefe. In ɗigon manya ne kamar ƙwayar gishiri, a warwatse, za ka iya ƙirgawa, to ik ne. In kuwa kamar ƙura ce ko an shafa masa hoda, yana haki, yana gudun haske, yana zuwa bakin famfo ya tsaya inda ruwa yake bugowa, wannan belbet ne, Amyloodinium ocellatum, kuma shi ba ya jira, kwana biyu ya ishe shi ya share maka tanki. In kifi ne irin kilaun ɗin nan mai ruwan lemo da farin ratsi, ka ga yauƙi yana saɓulewa daga jikinsa, ka zargi Brooklynella, maganinsa fomalin. Akwai kuma wani farin tsiro da yake fitowa a bakin fiffike kamar ɗan dunƙulen auduga, Lymphocystis, bairos ne, yana nan wuri ɗaya sati da sati, abinci mai kyau da ruwa mai tsabta kawai yake so ya tafi da kansa. Wani lokacin ma yashi ne ya manne, kifin ya girgiza ya zube.

Hanyoyin da suke aiki da gaske ba su da yawa, kuma babu wadda ake yi a babban tanki. Akwai rage gishiri, wato akasin shawarar Alhaji kenan, ruwan teku da ake riƙewa a 1.025 ko 1.026 a ma'aunin yawan gishiri sai a sauko da shi a hankali zuwa 1.009 ya zauna wata guda, kifi zai jure, ƙwayar ba za ta jure ba. Ni na tsallake wannan saboda lokacin hunturu ne, busasshiyar iskar nan tana shanye ruwa kullum, ruwa na raguwa gishiri na hawa, ya ɗan haura kaɗan aiki ya ɓaci, ga shi ba ya yi wa belbet komai. Akwai canjin tanki, duk awa 72 ka mayar da kifin sabon mazubi ka wanke tsohon ka busar da shi ƙaƙas, sau huɗu, don kafin ƙwanso ya fashe kifi ya bar wurin, ba magani ko ɗigo amma gishirin da za ka kaɗa sai aljihu ya ji. Wasu har kulorokwin suke sawa, eh, wannan dai na zazzaɓin sauro, amma babu abin gwada ƙarfinsa a gida, na ji tsoro na bar shi.

Na zaɓi maganin jan ƙarfe, Cupramine. Shi jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma dutse da yashi suna shanye shi, don haka dole a kwashe kifin gaba ɗaya, har waɗanda ba su nuna komai ba. Kamun nan kam ba zan manta ba, sai da na fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya na jera a robar wanki, wani ɗan mitsitsin kifi ya shige rami sai wajen ƙarfe ɗaya na dare ya fito. Na sa su a tankin lita 80 a sito, ba yashi ba dutse, sai guntayen fayif na roba don su samu maɓoya, da hita da famfon iska. Na ɗaga maganin a hankali cikin 'yan kwanaki har ya kai 0.5 a ma'aunin miligiram cikin lita, safe da yamma ina ɗibar ruwa a 'yar kwalbar gwaji in ɗaga ta a taga ina kwatanta kala, don in ya yi ƙasa ƙwaya ta tsira, in ya yi sama kifi ya daina ci. Ka cire gawayi daga filta, kuma kar ka kuskura ka haɗa jan ƙarfen da ruwan maganin nan na kashe amoniya, wato gubar da dattin kifi yake tarawa a ruwa, haɗuwarsu tana ƙara wa jan ƙarfen dafi. Amoniyar kuwa ita ta fi ba ni wahala, sabon tanki ba shi da bakteriyar da take cinye ta, sai canjin ruwa, kuma kowane sabon ruwa sai an auna masa nasa maganin kafin ya shiga. Haka na yi kwana 30.

Shi kuma babban tankin aka bar shi ba kifi ko ɗaya har kwana 76, wato waɗancan 72 ɗin da ɗan ƙari, duk wadda ta ƙyanƙyashe yunwa ta kashe ta. Raga daban, bokiti daban, ko jiƙaƙƙen hannu ba na kaiwa daga wannan zuwa wancan. Baƙi su shigo falo su yi ta leƙe suna neman kifi, uwargida tace musu ai Baban yara yanzu duwatsu yake kiwo.

Tang ɗin ya rayu, shi da ya jawo mana komai, yanzu ma shi yake korar kowa a bakin abinci. Tankin siton ban naɗe shi ba, akwai wani ɗan kifi ruwan ɗorawa a ciki da na sayo kwanan nan, yau kwanansa 19, yarana sun dame ni da yaushe za a kawo shi falo, nace su ƙara min kwana 11 tukuna.