Riyal ɗin Hajiya da layin da ya taso

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullin shagon tsoffin kuɗi da nake wa aiki, bayan shekara biyar ina zaune bayan gilashi a cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda, tsakanin Shari'a Gabil da Suƙul Alawi. Duk wanda ya taɓa cinikin tsoffin kuɗi a Jidda ya san yadda wunin yake, ba sai na tsaya bayani ba. Maganar riyal ɗin Hajiya ce ta hana ni sakat.

A shekarata ta biyu ne. Wata dattijuwa ta zo daga unguwar Hindawiyya ta Makka, da tsaba ƙulle a bakin mayafi. Ta ce gadon mahaifinta ne, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin ya haye ta Sawakin. A cikin tarkacen ƙurushi akwai babban riyal na azurfa na shekarar 1346 ta Hijira, wato 1928, tun ana rubuta Sarki Abdul'aziz a matsayin sarkin Hijaz da Najd, kafin a raɗa wa ƙasar suna Saudiyya a 1932. Giram 24 da ɗan ɗoriya, ya ninka ƙaramin riyal na 1354 da kowa ke kawo mana. Bai sha hannu ba sam, rubutun nan tsaf, ƙyallin gidan bugu bai gushe ba. Sai dai wani siririn layi da ya taso daga gefe ya ratsa cikin rubutu.

Na ce, "Iya, an kwarzane shi, sai dai kuɗin awo."

Ta ce, "To ɗan nan, kai ka san aikinka."

Maigida yana gefena yana kurɓar shayi. Ya ɗaga kuɗin, ya karkata shi ga fitila, ya ajiye, bai ce uffan ba. Na auna, na biya ta kuɗin azurfa, ta sa mini albarka ta tafi. Bayan la'asar ya kira ni, ya miƙo madubin ƙara girma, ya ce, "Ya walad, duba da kyau, layin nan rami ne ko tudu?" Tudu ne. Kwarzane yakan nutsa cikin kuɗi, ya ture ƙarfe gefe da gefe kamar kunyar noma. Wannan kuwa hatimin da aka buga kuɗin da shi ne ya tsage, azurfa ta cusa cikin tsagar, ta fito a tashe. Da shi aka haifi kuɗin, kuma masu tarawa ba sa ƙirga shi cikin lahani, wasu ma nema suke yi. A ma'aunin nan na 1 zuwa 70 da kamfanonin Amurka irin su PCGS da NGC suke aiki da shi, tsagar hatimi ba ta hana kuɗi samun lamba, amma kwarzane mai zurfi ko goge-goge yana hanawa. Ya faɗi duk wannan yana murmushi. Ba a rufa mako ba ya sayar wa wani mutumin Riyad, a kuɗin da na ji kunyar ji.

Na ce ko za mu nemi Hajiya mu ƙara mata wani abu. Ya ce ciniki ya faɗa, kuma ai ba shi ya yanka farashi ba.

Bayan wata takwas na sake tafka wani. Na sayi riyal faransi, mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, da tambarin "Alhijaz" a jikinsa. Kuɗin kansa na gaske ne, giram 28, rubutun gefensa lafiya lau. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta ruɗe ni ba, na san tun rasuwar matar ake ta sake buga shi da shekarar nan. Tambarin ne ya ci ni. Sabo ne fil, cikin raminsa yana sheƙi alhali sauran jikin ya dafe da tsufa, abin da ko makaho zai lalubo. Wannan karon maigida bai tsaya karantar da ni ba, albashin wata biyu ya zaftare, kaɗan-kaɗan har ya cika. Kuskuren da ya ci Hajiya ya zama darasi da murmushi, wanda ya taɓa aljihun shago ya zama bashi a kaina.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. Kada ka goge tsohon kuɗi, ko da lemun tsami ne, siraran layukan gugar suna haye kan haruffa su tona asiri. Kuɗin da ya fito gutsure daga gidan bugu, gefen da ke daura da gutsuren yakan fito a raunane, in ka gan shi cike to ka yi zargin almakashin wani ne. Duba baki ko akwai alamar walda, rabin abin da matanmu ke kawowa an taɓa rataya shi a wuya. Tambarin lamba 65 da ke kan wasu ƙurushi hukuma ce ta buga a 1365 ta Hijira don karya 'yan canji da suka ɓoye ƙananan kuɗi, kada ka kira shi lahani. Kuma in mai kaya yana tsaye gabanka, ka karkata kuɗin ga haske kafin ka buɗe baki, ko da wanda ya fi ka sani yana zaune ya yi gum.

Shekara uku na ƙarshe, kuɗi bai shiga shagon nan ba sai ya bi ta hannuna, har maƙwabta suna aiko yara da nasu in duba musu. Maigida bai taɓa ambata hakan ba, ko ranar sallama. Ya ce in zaɓi abu guda a gilashi in tafi da shi, na ɗauki faransin nan mai tambarin bogi, tunda na riga na biya kuɗinsa.

Sau biyu ina zuwa Hindawiyya ina tambaya. Ban riƙe sunanta ba, kuma da na ce dattijuwa 'yar Katsinawa mai baƙin mayafi, sai aka nuna mini gida shida.