Sojojin Bakan Amurka, Daga Kujerar Direban Tirela

Duk wanda ya shiga tuƙin tirela a Amurka, kafin kamfani ya damƙa masa mota shi kaɗai, sai an haɗa shi da tsohon hannu sun yi makonni suna yawo tare. Wanda aka haɗa ni da shi a 2018 wani dattijon Bature ne daga gabashin jihar Ohayo, mai haƙuri, mai riƙo da addininsa, ba ya kai loma baki sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a. Doka ɗaya ya kafa mini: da zarar sha biyun rana ta yi, rediyo nasa ne.

Lokacin Rush Limbaugh ke nan, fitaccen mai shirin siyasa a rediyo. Awa uku yake yi yana zuba, Litinin zuwa Juma'a, da ya sauka Sean Hannity ya ɗora da wasu ukun. Muna kan babbar hanyar I-70, daga Columbus mu ratsa Indiyana har Kansas, ba abin da ido ke gani sai gonakin masara da waken suya, ba abin da kunne ke ji sai cewa ƙasa ta kama hanyar lalacewa. 'Yan Dimokurat za su ƙwace bindigogi, za su buɗe iyaka, za su lafta haraji, za su kori Allah daga makarantu. A lokacin kuwa jam'iyyarsu ta Rifablikan ce ke riƙe da fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu, amma in ka saurare su sai ka rantse an yi musu ƙawanya.

Ni da na tashi a Kano, kunnena ya saba da sojojin baka. Sai dai namu ɗan siyasa ne ke ba su na cefane, su shiga rediyo su wanke ubangida su ci mutuncin abokin hamayya. Na nan ba sa jiran na cefanen kowa. Attajirai ne, kuma su ne 'yan siyasar jam'iyyarsu ke shakka. A Fabrairun 2020 Trump ya sa aka rataya wa Limbaugh lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula, a tsakiyar jawabinsa ga majalisa. Asalin abin kuwa, da akwai ƙa'idar da ta tilasta wa gidajen rediyo da talabijin su kawo ɓangarori daban-daban a kan batun da ake taƙaddama. An soke ta a 1987, zamanin Reagan. Shekara ɗaya bayan haka shirin Limbaugh ya karaɗe ƙasa. A 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, kowa ya samu tashar da za ta gaya masa abin da yake son ji.

Abin da ya fi buɗe mini ido tallace-tallacen da ake sakawa a tsakani ne. Mai shiri zai gama bayanin yadda dala za ta zama takardar banza, sai ga tallan zinare. Ya gama bayanin tarzomar da ke tafe, sai ga tallan busasshen abinci a bokiti, wanda aka ce zai shekara 25 bai lalace ba. Dattijon nan yana da irin bokitan a ɗakin ƙasa na gidansa, ni na taya shi sauke wasu. A nan na gane tsoro ma haja ne, kuma yana da 'yan kasuwa.

Amma kada wani ya ɗauka mutumin wawa ne, ko tsoronsa na ƙarya. Ya kai ni garinsu. Masana'antar ƙarfen da mahaifinsa ya yi wa aiki ta zama kango, tagogi a farfashe. Shagunan babban titi rabi a rufe. Cocin da aka ɗaura masa aure, ya ce ranar Lahadi in ka ƙirga masu furfura ka gama ƙirga jama'a. Ɗan ƙanwarsa ƙwaya ce ta kashe shi, irin annobar nan da ta yi wa Ohayo mummunar ɓarna. A 2019 kuma General Motors ta rufe masana'antarta ta Lordstown, ba nisa da su. Ya ce mini ya zaɓi Obama a 2008, da bai ga canji ba ya juya. Jihar ma haka ta yi: Obama sau biyu, sannan Trump sau uku. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne lokacin da Hillary Clinton ta kira rabin magoya bayan Trump abin ƙyama a 2016. Ya ce, "Mutanen Washington ba su san muna raye ba. Wannan mutumin kaɗai ke magana da mu."

Gaskiya wani ɓangare na maganarsa sai in ji kamar a masallacinmu nake. Tarbiyyar yara, abin da ake koya musu a makaranta game da jinsi, raina iyaye, mutuwar aure, duk abubuwan da muke tattaunawa ne bayan sallar Juma'a. Ba mu kaɗai ba kuwa. A Hamtramck ta jihar Mishigan, inda a lokacin 'yan majalisar gari duka Musulmi ne, sun hana kafa tutar 'yan luwaɗi a kadarorin gwamnatin garin a 2023, magajin garin kuma ya mara wa Trump baya a 2024. A Merilan, iyaye Musulmi da Kirista ne suka haɗu suka kai ƙara a kan a bar su su cire 'ya'yansu daga wasu darussa, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 2025. Ni uba ne, ba zan ce ban ji daɗin hukuncin ba.

Matsalar ita ce, da mai shiri ya gama batun tarbiyya sai ya juyo kanmu. Baƙi ne suka cinye ayyuka, Musulmi na shirin kafa Shari'a, alhali ba mu wuce kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar da wani abin kirki ba. Ina zaune da 'yar hulata, dardumata a naɗe a bayan kujera, ana ta zayyano ni a matsayin bala'in da ke tafe. Wata rana na ce masa, "Baba, ai ni ake nufi." Ya juyo da mamaki na gaske, ya ce, "A'a, ba da kai ake ba. Kai ai kana aiki, kana da iyali." Mutumin da ke neman wuri ya faka mini in yi sallah ke nan, yana tsaye yana jirana cikin sanyi. Shi a wurinsa akwai ni, akwai kuma "su", kuma bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikin "su" ɗin ba sai a rediyo.

Doka kuwa ba ta yin wannan rarrabewa. A ƙarshen Janairun 2020 aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama, takardun mahaifiyarmu da yayana ya cike suka tsaya cak. Sai da Biden ya soke dokar ranar da aka rantsar da shi a 2021 aka ci gaba. Yaya shi tashar da ke karkata ga 'yan Dimokurat yake kallo, wato MSNBC da ta koma MS NOW a 2025, mai shirinta Rachel Maddow ce malamarsa, kuma a ganina su ma tsoron suke sayarwa, launin bokitin ne kawai ya bambanta. In na faɗa masa haka sai ya ce, "Kai dai tirela ta ɓata ka." Nakan ce, "Yaya, je ka ga garin mutumin tukuna."

Limbaugh ya mutu a Fabrairun 2021, amma kujerar ba ta yi sanyi ba, yanzu ma abin ya koma wayoyi da YouTube. A Afrilun 2023 Fox ta biya Dominion, kamfanin na'urorin zaɓe, dala miliyan 787.5 saboda ƙaryar maguɗin zaɓen 2020, bayan takardun kotu sun nuna wasu masu shirye-shiryenta ba su yarda da abin da ake watsawa ba. Kwanaki kaɗan ta sallami fitaccen mai shirinta, Tucker Carlson. Na zaci wannan zai girgiza dattijon. Da na buga masa waya sai ya ce ai an rufe bakin Carlson ne don yana faɗin gaskiya.

A Satumban 2024 abin ya zo ƙofar gida. Aka yaɗa cewa 'yan Haiti na cinye karnuka da kyanwoyin mutane a Springfield, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Columbus. Hukumomin garin suka ce babu hujja, Gwamna Mike DeWine, ɗan Rifablikan kuma haifaffen garin, ya ƙaryata, amma sai da barazanar bam ta sa aka rufe makarantu. A wancan makon uwargida ba ta bar yara sun fita wasa ba.

Duk da haka a masallacinmu an samu waɗanda suka goyi bayan Trump, wasu don batun yara, wasu don haushin Gaza. Ɗaya daga cikinsu Bahaushen Chadi ne, shi ma direba. A Yunin 2025 sabuwar dokar hana shiga ta haɗa da Chadi da Sudan, matarsa kuma tana Injamena tana jiran biza. Har yau yana sauraron Hannity a mota. Ya ce a kan maganar yara mutumin yana da gaskiya, sannan duk Juma'a yana roƙon liman a sa takardun matarsa a addu'a.