Baba Malam ya ƙi zana kura

Laraba. Ƙafafuna har yanzu zugi suke, don wannan bitar ta malaman firamare ba irin wadda ake zama ana gyangyaɗi har a raba shinkafa ba ce. Muna shiga mai bitar ta sa aka jingine bencuna a bango, muka yi da'ira a tsaye, manya da mu, muna tafi muna rera jadawalin sau uku. Anti, abokiyar aikinmu, har da rangaji, ita da ko a ofis ba ta dariya sai albashi ya shigo. Daga nan aka zube mana marafan kwalba, aka ce mutum huɗu su raba 12 ba tare da an taɓa alli ba. Wallahi na ji daɗinsa. Yaron da ya raba da hannunsa ya ga uku-uku a gabansa, ba sai ka yi ta daka masa tsawa ba.

Bayan azahar ne abin ya canja mini.

Mai bitar ta fara tatsuniyar Gizo da kura, ta tsaya a tsakiya, ta ce kowa ya zana yadda yake ganin za ta ƙare, sannan kowane rukuni ya fito ya yi wasan kwaikwayonta. Hikimar, in ji ta, ita ce yaron da hannunsa bai faɗa da rubutu ba zai iya nuna maka ya fahimci labari ta zane ko ta kwaikwayo, kai kuma malami ka gane wanda aka bari a baya tun kafin jarrabawa. Kowa ya duƙufa. Baba Malam kuwa ya ajiye fensir, ya naɗe hannu.

Na matsa kusa na ce, "Baba, ko a ƙaro maka takarda ne?"

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yata, za a ba da maki ne? Ina za a kai takardun nan in an karɓa?"

Na ce babu maki, wasa ne kawai. Ya ce, "Haka ake cewa." Ko sunansa bai rubuta a kai ba.

Mutumin nan fa ya fara koyarwa da Gireditu, tsohuwar takardar shaidar malanta, tun ina goye. NCE ɗinsa, takardar malanta ta gaba da ita, ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ya yi, karatun Asabar da Lahadi, ga aji ga iyali. Ni kaina a wurinsa na koyi cike rajista. Amma tun 2017, da aka yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka sallami sama da dubu 21 a jihar nan ta Kaduna, duk farar takardar da aka miƙa masa a taro kallon tarko yake mata. Shi ya tsallake, abokan zamansa da yawa ba su tsallake ba. Ba na cikin masu cewa kowa a lokacin ya cancanci riƙe alli, mun san wasu ba su iya ba. Sai dai tsoron bai tafi tare da waɗanda suka tafi ba, yana nan a ɗakin malamai.

Abin da ke cina ke nan tun a Keke. Duk bitar nan a kan abu ɗaya ta tsaya: a bar yaro ya gwada, ya yi kuskure a gaban 'yan'uwansa, a yi dariya, a gyara. To malamin da shi kansa ba ya yarda a ga karkatacciyar kurarsa, ta yaya zai sakar wa yaro wannan sararin? Ga hedimasta da ke auna aji da shirunsa, in ya ji tafi sai ya leƙo ta taga. Ga ajina da ko hanyar wucewa babu tsakanin benci da benci, balle da'ira. Na so in ɗaga hannu in faɗi wannan, sai aka shiga rabon rukuni.

Da aka zo wasan, Baba ya yarda ya zama mai ba da labari, daga zaune. Ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba, zauren ya yi tsit, har mai bitar ta daina rubutu. Takardarsa dai ya ninke ya sa a aljihu, fara fat.

Cunkoso a Kawo. Kuɗin mota na bitar sai Juma'a, wai.

Auta ta ga zanena ta ce wannan ai akuya ce. Maigida ya goyi bayanta.

Gobe kowa zai zo da marafai da kwalin da ba a so, don haka na aika yara wurin mai shagon bakin layi. Ya ce in dai na lemo ne sai dai a haɗa da na gidan biki.